Furar da Sarkin Noma Ya Ƙi Sha

Yau kwana huɗu ke nan sama ba ta buɗe ba. Kwatar layinmu ta cika ta tumbatsa, ledoji sai yawo suke a ƙofar gida, hotunan 'yan takara da aka manna a katangar maƙwabta duk sun jiƙe sun saɓule, wani ma rabin fuskarsa ce kawai ta rage. Amma motar nan mai lasifika ba ta fasa ba. Tun safe take kai da kawo a cikin taɓo tana tuna mana ran Asabar akwai zaɓen kansila. Jikokina sai tsaki suke, wai ta hana su jin waya. Ni kuwa da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya haɗu mini da hayaniyar siyasa, sai na ganni ina yarinya da goyo a baya, a tsaye a filin makaranta tsakanin layi biyu.

Nan inda nake zaune, da tayil ɗinsa da fankarsa, gonar geronmu ce. Waɗanda suka sayi fulotai suka yi gini suna cewa unguwa, wasu ma da unguwar Bacirawa suke haɗa mu in suna yi wa mai a-daidaita-sahu kwatance. Mu a wurinmu Tudun Ɗinya ce. Ƙauye ne da gidaje a warwatse, kowa gonarsa tana ƙofar gidansa, ba ka samun taku goma na ƙasa da ba a shuka wani abu a kai ba. Na ga zaɓen kansila iri-iri a mazaɓar nan. Na ga wanda dattawa suka zauna a zauren mai unguwa suka ce wane ne, shi ke nan magana ta ƙare. Na ga na akwati. Na ga wanda muka wuni a rana, da la'asar aka ce mana ai tun hantsi an gama. Akwai shekarun da ba a yi ba sam, sai dai mu ji an naɗo. Duk waɗannan sun wuce ba su bar mini komai ba. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne zaɓen layi, yau sama da shekara talatin.

Yaran yanzu ba su san shi ba. Babu takarda, babu akwati, babu lungun da za ka ɓuya ka dangwala. Ɗan takara zai tsaya, duk mai son sa ya je ya jeru a bayansa, maza layinsu mata layinsu, malamin zaɓe ya bi yana ƙirga kawuna. Zaɓen fid da gwani ne a jam'iyya, amma da yake duk garin jam'iyya ɗaya muke, wanda ya ci ranar shi ne kansila.

Shekarar ta biyo bayan fari. Abin da muka girba bara bai kai rabin rumbu ba, kuma ruwan bana ya yi jinkiri. Sau biyu muka yi shuka, ta farko rana ta ƙone ta tun tana kunnen ɓera. Da ruwan ya zo kuma sai ya zo da ƙarfinsa, kamar mai rama abin da ya wuce. Mu huɗu ne a gidan: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa da muke kira Iya, da 'yata Sa'a tana goyo. Maigidan ya yi noman firi, wato na farko, shi kaɗai, ya saka wake a tsakanin kunyoyin gero, gona ta yi kyau har masu wucewa suna cewa masha Allah. Ana saura 'yan kwanaki a shiga maimai, wato noma na biyu, sai ya dawo yana ɗingishi, ya ce idon sahunsa na yi masa zafi kamar an ɗora garwashi. Iya ta duba ta ga ƙurjin, ta gane shi. Kurkunu ne.

Wanda bai ga kurkunu ba ba zai gane ba. Tsutsa ce fara siririya, tana fitowa daga cikin naman mutum a hankali, sai a naɗe abin da ya leƙo a jikin tsinke, kullum a ƙara kaɗan. In aka yi garaje ta tsinke, ƙafar ta kumbura ta ruɓe. Daga ruwan kududdufi ake samun ta, kuma kududdufin nan shi ne ruwan shanmu. Namiji ƙato mai ɗaukar dami biyu, sai ga shi a kan tabarma yana jan gindi in zai yi alwala. Maigidana biyu suka fito masa, ɗaya a kowace ƙafa.

Haka kwanakin suka riƙa tafiya. Da asuba in hura wuta da jiƙaƙƙen kara, hayaƙi ya cika mini ido kafin ta kama. In dama koko tsararo, wanda kana iya ganin gindin ƙwaryar. Iya ta ɗauki kwando ta tafi bakin gona ta tsinko tafasa da rama, mu dafa, mu matse, mu yi kwaɗo da ɗan ƙuli-ƙuli in akwai, in babu da gishiri da barkono. Tuwo sau ɗaya ne, shi ma ba kullum ba. Ɗakin yana yoyo ta kusurwa biyu, na tara kasko a ɗaya, tsohuwar ƙwarya a ɗaya. Kayan Sa'a ba sa bushewa, komai na gidan warin danshi yake. Nonona ya ragu, yarinyar ta riƙa cizo na tana kuka. Duk da haka ba yunwar ce ta fi damu na ba. Gonar ce. Daga ƙofar gida ina hango ta, ciyawar harƙiya ta taso ta kamo geron, ganyensa ya fara yin rawaya. Kowa ya san in aka ƙara mako guda ba a yi maimai ba, sai dai a girbi kara.

Magani ɗaya ne, gayya. A garinmu kuwa ba a gayya sai da Sarkin Noma Tanko. Shi ke da makaɗi, shi ke da samari, shi ke tsayar da rana. Dogo ne baƙi, ba ya dariya, tafin hannunsa kamar bayan itace. Ƙa'idar ita ce ka aika masa da goro. In ya karɓa, ya ɗauki alkawari. Kai kuma naka shi ne ka kai fura gona wadda za ta ishi kowa, kuma ba mai sa ludayi a cikinta sai shi ya fara sha. Iya ta sayar da kazarta ta sayi goro ta kai da kanta. Ta dawo ta zauna a bakin murhu ba ta cire mayafi ba.

Na ce, "Iya, bai karɓa ba ne?"

Ta ce, "Ya karɓa. Ya ce Lahadi."

"To ai alhamdu lillahi."

Ta dube ni ta ce, "Ke dai Abu ba ki da lissafi. Ran Asabar me ake yi?"

Sai a lokacin na gane. Ɗan Sarkin Noma, Garba, shi ne ɗaya daga cikin masu neman kansila. Uban bai ce wa Iya komai a kan zaɓe ba, ba halinsa ba ne roƙo. Abin da ya ce kawai shi ne, "Lahadi, in mun ga yadda Asabar ta kasance."

Ɗaya ɗan takarar Malam Bukar ne, ma'aikacin ɗakin shan magani. Iyayensa 'yan kasuwa ne, asalinsu daga Barno, amma kabarin kakansa yana maƙabartar garin nan. Sai da siyasa ta zo aka tuna wai baƙo ne. Shi ne yake bi gida-gida yana cewa mu riƙa tace ruwa da ƙyalle, maza suna yi masa dariya wai ya mai da kansa mace. Ya ce in ya hau, abin da zai fara nema rijiya ce. Ni ba alkawarin rijiyar ne ya kama ni ba, alkawari kowa ya iya. Tun ranar da maigidana ya kwanta, Malam Bukar bai taɓa tsallake kwana biyu bai zo ba. Zai jingine kekensa a zaure, ya naɗe ƙafar wando, ya durƙusa ya wanke ƙafar da ni matar mai ƙafar sai na kau da kai saboda wari. Ya murza tsinken a hankali, ya ɗaure da bandeji. Ko ruwan gidanmu ba ya sha, balle a yi maganar wani abu.

Ran Juma'a na shiga rumbu na fito da damin ƙarshe. Na share ƙasan rumbun da tsintsiya, na tattara har wanda ya zube. Ni da Iya muka sussuke, muka sheƙe, muka surfa. Da na zuba a masaki, babbar ƙwaryar nan, na dube shi, sai na san bayan wannan ba ko tsaba a gidan. Maigidan yana kwance yana jin ƙarar turmi. Ya kira ni.

Ya ce, "Abu, gobe ni ba zan iya zuwa ba. Ke da Iya ku ne gidan nan. Na san halinki. Ki rufa mini asiri ki tsaya a bayan Garba."

Na ce, "To mutumin da yake wanke maka ƙafa fa?"

Ya dubi ƙafarsa. Sannan ya ce, "Allah ya san zuciyata. Amma Malam Bukar ba ya riƙe fartanya."

Na ce to. Kuma wallahi da gaske na ce to.

Asabar ta waye da yayyafi. Ina goya Sa'a sai na ji sallama a zaure. Malam Bukar ne, ranar zaɓensa, da sabuwar riga ya tattare ta a kafaɗa don kar ta ɓaci. Ya yi aikinsa kamar kullum, bai yi sauri ba. Da zai fita na bi shi zaure da butar wanke hannu, na buɗe baki zan yi magana. Shi ya riga ni.

Ya ce, "Na ji Lahadi ake muku gayya."

Na ce, "Haka ne, Malam."

Ya ce, "To ki tsaya inda gonarku take. Ba zan ga laifinki ba. Jibi ma zan zo, ƙafar dama ta kusa."

Da zagi na ya yi da ya fi mini sauƙi.

Filin makarantar ya cika, taɓo har idon sahu. Garba yana tsaye a gindin darbejiya, Malam Bukar a jikin ajin da iska ta yaye wa kwano. 'Yan sanda biyu da kulake suna ta kora mutane su daidaita. Layin maza ya riga ya miƙe, na Garba ya fi tsawo amma ba da nisa ba, shi ya sa idon kowa ya koma kan mata. Sarkin Noma bai shiga layi da wuri ba. Ya tsaya a kan wani tudu, ya harɗe hannu a baya, duk matar da ta shigo filin sai ya bi ta da ido har ta tsaya. Ba ya magana, ba ya nuni. Ya san kowace mace, ya san gidan da ta fito, ya san gonar gidan.

Iya ta riƙe mini gefen mayafi muka nufi darbejiya. Na ga matan da Malam Bukar ya yi wa 'ya'yansu magani, sun sunkuyar da kai a layin Garba. Na waiga wajen ajin. Matan da ke bayansa 'yan kaɗan ne, danginsa da matan malaman makaranta, sun takure kamar kajin da ruwa ya doka. Shi kuwa bai ko dubi wajenmu ba, don kar ya sa wata jin nauyi. Sai idona ya sauka a kan ƙafar wandonsa. Ya manta bai warware ta ba, tana nan a naɗe tun gidanmu, ga taɓon zaurenmu a gwiwarsa.

An sha ce mini mai taurin kai tun ina gidanmu, ban taɓa musu ba. Amma ranar ban yi shawara da kaina ba. Na dai ji na zare mayafina daga hannun Iya. Ta ce a hankali, "Abu. Abu, ki tuna gero." Na ji ta sarai. Tsakanin layin nan biyu bai fi taku ashirin ba, amma na ji kamar ba zan kai ba. Taɓo ya riƙe mini takalmi ɗaya, ban tsaya ɗauka ba. Hayaniyar mata ta ɗauke. Na je na tsaya a ƙarshen layin Malam Bukar da takalmi a ƙafa ɗaya, Sa'a tana tsala kuka a bayana. Da malamin zaɓe ya zo ya taɓa kafaɗata da biro ya faɗi lambata, na ɗaga kai. Sarkin Noma yana kallo na. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya sauka daga tudun ya shiga layin ɗansa.

Garba ne ya ci. Tsayuwata ba ta ƙara wa Malam Bukar komai ba sai kai ɗaya.

Iya ce ta ɗauko mini takalmin, muka kama hanya. Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Maigidan ya juya fuskarsa bango. Na gaishe shi bai amsa ba. Na zauna a tsakar gida ina kallon masakin gero, abin ya zama gaba kura baya sayaki. In na daka na yi fura ba su zo ba, mun rasa gona mun rasa abincin da ya rage. In ban yi ba kuma suka zo suka tarar babu fura, mun ci amanar goro, har abada ba mai sake taka gonarmu.

Na ce, "Iya, in daka?"

Ta ce, "Da za ki tsallaka layi kin tambaye ni?" Ta miƙe ta jawo taɓarya. "Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ya karɓi goro, mu namu fura ne. Tashi."

Muka daka har hannuna ya yi kanta, muka ƙulla, muka dafa, muka kirɓa da citta da kanumfari, muka cura. Babu kuɗin nono, da ruwan tsamiya muka dama rabi, sauran muka bar shi a dunƙule.

Lahadi gari ya waye tas, rana ta fito da zafin nan na bayan ruwa mai sa ƙasa tururi. Ba al'ada ba ce matar aure ta je gona, amma ba wanda zai ɗaukar mana. Sawu uku muka yi ni da Iya, muka jera ƙore a gindin ɗorawa muka rufe da faifai. Muka zauna. A ƙa'ida tun kafin rana ta ɗaga ake jin gangar noma daga ƙofar Sarkin Noma. Na kasa kunne. Ba ganga. Hantsi ya yi, inuwar ɗorawa ta matsa, muka ja ƙoren muka bi ta. Ƙudaje suka fara taruwa a kan faifai. Wani mutum ya wuce a kan jaki, ya dube mu, ya dubi ƙoren, ya kau da kai bai ko yi sannu ba. Iya tana jan carbi, leɓenta ya bushe, ga fura a gabanta ba halin sha.

Can sai muka hango mutane tafe ta hanyar makaranta. Na miƙe tsaye. Ba su da ganga, kuma tafiyar ba ta manoma ba ce. Malam Bukar ne a gaba, da mutum bakwai ko takwas: tela, da mai shagon kayan koli, da malaman makaranta biyu, da 'yan'uwansa masu sayar da yadi a birni. Kowa da fartanyar aro, wani ma da agogo a hannu.

Ya ce, "Mun ji shiru ne, muka ce bari mu zo mu yi abin da ya sawwaƙa."

Na yi musu godiya har da hawaye. Amma da suka sunkuya suka fara, sai na gwammace ba su zo ba. Allah ya saka musu da alheri, ba su san noma ba. Maimakon su tara wa gero ƙasa a gindi, janye ta suke, saiwa tana fitowa fili. Telan yana sara kamar mai faskare, duk sara uku sai ya kwantar da gero ɗaya. Waken da maigidan ya saka a tsakani kuwa, shi suka fi tsana, sun ɗauka ciyawa ce. Ina kallo ana kashe mini gona da sunan taimako, kuma ba bakin magana. Iya ta rufe fuska da mayafi.

Gonar Sarkin Noma tana gaba da tamu, hanyarsa ta bakin iyakarmu take. Sai ga shi shi kaɗai, da fartanya a kafaɗa, yana tafiya kansa a miƙe kamar ba kowa a wurin. Ya wuce mu. Ya yi taku kamar goma. Daidai lokacin telan ya ɗaga fartanya ya fille wani gero mai kauri, ya kuma tsaya yana share gumi yana jin daɗin aikinsa. Sarkin Noma ya tsaya cak. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya yi kamar zai ci gaba, ya kasa.

"Kai! Ajiye fartanyar nan."

Telan ya saki fartanya kamar ta ƙone shi. Sarkin Noma ya tsallako iyaka, ya tsuguna ya ɗauki geron da aka sare, ya jujjuya shi a hannu.

Ya ce, "Me geron nan ya yi muku? Shi ma layi ya tsallaka? Wannan da kuke turbuɗewa wake ne, wake. Malam, kai da allurarka wa ya taɓa karɓe maka ya ce zai yi?"

Malam Bukar ya ce, "Ba wanda ya zo ne, Sarki."

Sarkin Noma ya gyara riƙon fartanyarsa. Ya sunkuya ya ja kunya ɗaya tun daga bakin iyaka har ƙarshe bai ɗago ba, ciyawa tana kifewa, ƙasa tana hawa gindin gero kamar da hannu ake jera ta. Da ya kai ƙarshe ya miƙe, ya sa hannu a baki ya yi wata kuwwa da ban taɓa jin irinta ba. Ashe samarin suna nan a ƙofar gidansa tun safe da fartanyinsu, ya ce su zauna kar wanda ya motsa. Ba a daɗe ba muka ji ganga.

Mutum wajen talatin suka jeru kafaɗa da kafaɗa. Makaɗi yana bin su a baya yana zuga kowa da sunan kakansa, ƙasa tana tashi, ƙanshin ciyawar da aka sare ya cika wurin. Su Malam Bukar aka ce su bi baya suna tsince harƙiya suna tarawa a iyaka, kuma suka yi ba musu, har mai agogon. Ni dai ina tsaye, na kasa zama. Kafin azahar gonar da na fid da rai da ita ta koma baƙa wuluk, gero ya tsaya a kanta layi-layi.

Suka taho gindin ɗorawa, gumi yana zuba, kowa idonsa a kan ƙore. Na buɗe babbar ƙwaryar, na gauraya, na durƙusa har ƙasa na miƙa wa Sarkin Noma ludayi da hannu biyu. Ya dubi furar. Ya dubi ƙoren ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirgawa. Ya dubi Sa'a a bayana, ya dubi Iya. Ni bai dube ni ba.

Ya ce, "Don geron na yi, ba don ke ba." Ya saɓa fartanyarsa. "Ku mu tafi."

Tunda bai sha ba, ba mai iya sha. Samarin nan da suka wuni da yunwa suka haɗiye yawu suka bi shi. Su Malam Bukar ma suka ji nauyi, suka yi sallama suka tafi. Aka bar ni a durƙushe da ludayi a hannu. A garinmu ba a taɓa yi wa wani gida haka ba, a yi maka gayya a ƙi shan furarka. Na fashe da kuka, kukan baƙin ciki da kunya, na ce gara ya mare ni a gaban mutane.

Iya ta karɓi ludayin daga hannuna, ta ɗebo ta sha, ta sake ɗebowa ta miƙo mini.

Ta ce, "Sha, wawiya. Da sun shanye, gobe me za ki ba mijinki? Tanko ya san abin da ke cikin kowane rumbu a garin nan."

Kwana shida muna shan furar nan. Ta yi tsami har tana sa haƙori mutuwa, dunƙulen muka riƙa shanyawa a bakin murhu muna gutsura. Nonona ya dawo. Kafin ta ƙare Malam Bukar ya zare tsutsar ƙafar dama gaba ɗayanta, maigidan ya fara dogara sanda. Sai a ranar ya yi mini magana, ya ce in miƙo masa buta. Shekarar mun cika rumbu har da ɗori.

Garba ya yi kansilansa, ya yi mana kwalbati ɗaya da har yanzu ake bi ta kai. Da aka kawo takin zamani aka raba, sunan gidanmu bai fito ba, ba mu kuma je tambaya ba. Malam Bukar bai sake neman komai ba, yana ɗakin maganinsa har ya yi ritaya. Rijiya ta zo daga baya ta wata hanyar, kurkunu ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Sarkin Noma kuwa, in na gaishe shi a hanya sai ya ce "lafiya" bai juyo ba, haka har ya koma ga Allah. Ban taɓa sanin wanne ne gaskiya ba, nawa ko na Iya. Wani lokaci in ce wulaƙanci ne, wani lokaci in tuna yadda ya ƙirga ƙoren nan da ido. Na so in tambaye shi, girman kai ya hana ni, shi ma na san da ba zai faɗa ba.

Jiya da la'asar, ruwa yana tsaka da zuba, aka yi sallama. Wani saurayi ne dogo baƙi da 'yan rakiyarsa, sun jiƙe sharkaf, suna bi gida-gida. Tun kafin ya faɗi sunansa na gane tsayuwar. Nura ne, ɗan Garba, jikan Sarkin Noma, shi ne mai rabin fuskar nan a katangar maƙwabta. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye leda da taliya da sabulu a gefen kujera.

Ya ce, "Hajiya, an ce ke ce uwar unguwar nan. Ran Asabar muna neman alfarma."

Na ce, "Yanzu ai ba layi, ɗan nan. Daga ni sai Allah sai akwati."

Ya yi dariya, irin wadda kakansa bai taɓa yi ba. Na ce ya jira ni. Na shiga na buɗe firji na ɗauko fura, na dama da kaina da nono mai kyau, na zuba a ƙwaryar da nake ɓoyewa don jikoki kar su fasa. Na miƙa masa ludayin. Ya ce wallahi a ƙoshe yake, yanzu suka ci abinci.

Na ce, "Ba tambayar ka na yi ba."

Ya karɓa ya yi bismilla ya kurɓa, zai ajiye.

Na ce, "Shanye. Shekara talatin da ɗoriya ke nan tana jiran wani daga gidanku."

Bai gane ba, ya dubi abokansa, suka ɗaga kafaɗa. Amma ya ɗaga ƙwaryar da hannu biyu ya shanye tas, ina tsaye a kansa har ya ajiye.